Malam Bilya da Babban Farantin Keke

Akwai wani malamin firamare a Gumel, ana ce masa Malam Bilya. Lissafi yake koyarwa a wani ƙauye da ke bayan Ɗanzomo. Da man fetur ya yi tsada sai ya jingine babur ɗinsa, ya sayi keke mai giya na hannu, kullum da shi yake zuwa makaranta.

Keken lafiya lau yake, sai dai tafiyar da nisa. Sau uku hedimasta yana yi masa magana a kan makara.

Malam Bilya mutum ne mai son sanin yadda abu yake aiki. Wata ranar Asabar ya kifa keken a tsakar gida, ya tsuguna yana juya feda da hannu. Ya ƙirga haƙoran babban farantin gaba, wanda sarƙa ke hawa, ya samu arba'in da biyu. Ya ƙirga na ƙaramin baya, sha huɗu. Ya sake juya feda sau ɗaya yana kallon tayar, sai ta zagaya sau uku cif.

"Ashe haka ne!" ya faɗa da ƙarfi.

Matarsa Muhsina ta leƙo daga madafi. "Malam, da wa kake magana?"

"Da keke. Idan na samu faranti mai haƙora da yawa, duk taku ɗaya zai kai ni nesa. Makara ta ƙare."

Ranar Alhamis bayan an tashi daga makaranta ya wuce kasuwar Maigatari. A wajen masu tsofaffin kayan keke ya samu faranti mai haƙora hamsin da biyu, haɗe da hannun fedarsa, yana ta sheƙi. Ya saya, ya kai wa Kawu Ɗantala, wani dattijo da ya fi shekara arba'in yana gyaran keke a ƙarƙashin bishiyar maina.

Kawu bai ɗauki sifana ba. Ya jujjuya farantin, ya kara shi a jikin keken, ya ja sarƙar da yatsa biyu.

"Malam, zai shiga. Amma ban ce zai zauna lafiya ba."

"Kamar yaya, Kawu?"

"Sarƙar nan an yanke ta ne daidai da tsohon farantinka na gaba. Wannan kuwa zai cinye ta. Ka bar min keken zuwa jibi, in auna, in ga ko ƙarfen giyar baya, mai sauya wa sarƙa faranti, zai ɗauka, in duba ko haƙoran ba za su gogi jikin keken ba."

Malam Bilya ya yi dariya. "Kawu, ni fa lissafi nake koyarwa. Na riga na buga komai a takarda. Ɗaurawa kawai za ka yi."

"Takardarka ta faɗa maka tsawon sarƙa?"

"In ba za ka iya ba, ka faɗa min kawai."

Kawu ya miƙa masa farantin da hannu biyu. "Allah ya ba da sa'a, Malam."

Da ya koma gida, ya ari kayan aiki a wajen maƙwabcinsa, ya ɗaura da kansa. Farantin ya shiga daidai, kamar don keken aka ƙera shi. Ya ɗaga ƙarfen giyar gaba, ya hau, ya zagaya unguwa. A kan kwalta keken gudu yake kamar ana tura shi. Kwana uku yana isa makaranta kafin a buga ƙararrawa, har yana ba sauran malamai labarin tsohon da ya tsorata da ƙarfe.

Ranar Laraba ce ranar jarrabawar 'yan aji shida, kuma takardun suna hannunsa, shi ya karɓo su daga Gumel. An yi ruwa da asuba. Da ya sauka daga kwalta ya shiga hanyar ƙauyen, sai yashi ya riƙe tayoyin, feda ta yi nauyi. A kwanakin baya miƙewa tsaye yake yi ya danne ta da ƙarfi. Ran nan ƙafafunsa suka gaza, sai ya tura giyar baya zuwa faranti mafi girma don ya samu sauƙi.

Sarƙar ta miƙe ta ɗaure tamau. Ya ji ƙas! Ƙarfen giyar baya ya karye ya faɗa cikin tayar, ta tsaya cak. Malam Bilya ya wuntsila gefen wata gonar gero, jakar takardu ta faɗa cikin taɓo.

Gwiwarsa na jini, keken ko turuwa ba ya yi. Ya ɗauke shi a kafaɗa ya yi tafiya mai nisa, kafin wani mai amalanken shanu ya tausaya ya ɗora shi.

Ƙarfe goma sha ɗaya ya isa. Yara tun takwas suke zaune. Shida daga cikinsu iyayensu sun zo sun tafi da su gona, sai da hedimasta ya bi su gida-gida daga baya. Takardu goma sha biyu sun jiƙe, aka shanya su a kan benci. Hedimasta bai yi masa faɗa ba, ya dai ce, "Malam, su za ka ba haƙuri, ba ni ba." Ya tsaya gaban aji, wandonsa a yage, ya ba su haƙuri.

Washegari ya kai keken wajen Kawu Ɗantala, kansa a ƙasa.

"Kawu, na zo a yi min dariya."

"Zauna tukuna. Yaya ƙafar?"

Kawu ya ɗauko igiya, ya zagaya ta kan babban farantin gaba da babban na baya, ya ɗora ta kusa da sarƙar. Igiyar ta fi sarƙar tsawo da kusan faɗin tafin hannu. Ya kuma nuna masa inda haƙoran suka fara kankare fentin jikin keken.

"Lissafinka daidai ne," in ji Kawu. "Abu biyu ka ƙirga, alhali su biyar ne suke aiki tare: faranti biyu, da sarƙa, da ƙarfen giya, da jikin keken. Na shidansu kuma ƙafarka ce, da yashin hanyarku."

Malam Bilya ya matso. "To me ya sa ƙarfen giyar nan na baya yake da ƙananan tayoyi biyu? Kuma ta yaya kake sanin iyakar abin da zai ɗauka?"

Har la'asar yana tambaya, Kawu yana nuna masa. A ƙarshe suka tsaya a kan faranti mai haƙora arba'in da shida, da sabuwar sarƙa mai isasshen tsawo, da wani ƙarfen giyar. Kafin ya hau, Kawu ya ɗaga tayar baya ya sa shi ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, har sau biyu. Babu wadda ta ɗaure.

Minti goma kacal sabon farantin ya rage masa a hanya. Sauran kuwa, Muhsina ce ta cike, domin ta koma dama masa koko tun kafin ya dawo daga masallaci.

Darasi: Sanin abu ɗaya da kyau ba ya nufin ka san duk abin da ke haɗe da shi. Kafin ka canja wani abu don ya fi girma ko sauri, tambayi wanda ya daɗe yana taɓa shi da hannunsa, ko da bai yi karatun da ka yi ba, domin kuskurenka yana iya faɗawa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san ba ya son a ce masa "dakata tukuna".