Iskar Gidan Hakimi

An yi wani hakimi da maroƙansa ke yi wa kirari cewa ko ƙuda ba ya shiga gidansa sai da izini. Ya sayi tukunyar alminiyam mai ƙyalli a wurin Mantau maƙeri. Da ta kwana biyu ta dushe, sai ya sa aka kamo Mantau.

"Kai, ka sayar mini da madubi, ya koma toka!"

"Ranka ya daɗe, fata ta yi. Iska ke taɓa ƙarfen ya yi wannan siririyar fata, ita ke hana shi lalacewa. In an kankare, wata za ta fito."

"Ban ce ka yi mini karatu ba. Ka kankare, kuma kada ta dawo. In ta dawo, ka bar garin nan."

Mantau ya ce, "Ai mai sauƙi ne. Ni in kankare, kai ka hana iska shiga gidan."

"Wa ya isa ya hana iska?"

"Af! Ashe da izininka take shiga? To baƙuwarka ce ta yi aikin, ita za a kora. In kuwa ba da izini ba ne, sai maroƙa su gyara kirarin."

Hakimi ya dubi maroƙa, ya dubi tukunya, ya ce, "Dama ni na ce ta dushe."

Mantau ya durƙusa. "Allah ya ƙara girma! Har iska ma ta bi umarni."