Mai Riƙe da Igiya

An ce a wani gari na gindin dutse an yi wani Sarkin Maƙera mai suna Sallau. Yana da wa, Barmo, wanda ya rene shi tun rasuwar mahaifinsu, ya koya masa zuga da riƙon awartaki. Da tsufa ya zo, sai mantuwa ta kama Barmo. Ta fara da sunayen jikoki, ta kai ga ɓace masa hanyar masallaci, har wata safiya ya dubi Sallau a gaban jama'a ya ce, "Malam, daga ina?"

Abin ya soki Sallau ƙwarai. Masu zuga suka ce ai sammu ne, suka kwatanta masa wani boka a can ƙetaren kogi da ke sa irin waɗannan a mari har su dawo hayyacinsu. Sallau ya yarda, aka ce mota za ta zo ɗaukar Barmo bayan la'asar.

To, a gidan akwai wani tsohon gauraka, wanda ya yi ƙuruciyarsa a harabar wani gidan talabijin, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Da ya ga Sarki ya yi tagumi a zaure, sai ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji za a kai Yaya Barmo ƙetare. Wannan ya tuna mini wani wasa da aka ɗauka a gabana, zamanin da hoto baƙi da fari ne, unguwa guda ke taruwa kan akwati ɗaya, ana ba tsofaffi gaban tabarma. Kai, an yi zamani! Wasan Ila da Tsalha."

Sarki ya ce, "Ni yau ba ni da kunnen wasa. Amma faɗi, yaya aka yi?"

Gauraka ya gyara tsayuwa ya ce:

Ila da wansa Tsalha maginan rijiya ne. Tsalha ke shiga, Ila ke riƙe igiya. Wata rana wata mayya ta kira su aiki, Tsalha ya ƙi, don ya ji abin da ake faɗa a kanta. Ta yi murmushi ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ba ta kama kurwarsa ba, tunaninsa ta kwashe kaf ta ɗura a gora ta toshe. Na ga gorar da idona, ranka ya daɗe, ta mai gadinmu ce ta zuba fura, amma ranar da aka nuna ta a wasan, mata har salati suka yi.

Tsalha ya wayi gari bai san Ila ba. Ila ya yi kuka, ya yi rantsuwa, ya nuna masa tabon da suka samu tare, duk a banza. Ƙarshe haushi ya ci shi, ya ce, "Ni zan zauna ina bauta wa wanda ke kirana baƙo?" Ya ɗaura ƙunshinsa ya kama hanya. A bakin gari ya tarar da wani tsoho, Baba Nomau, wanda ya bar ginin rijiya tun da ƙarfinsa, ba wanda ya san dalili. Ila ya zayyana masa kome. Tsoho ya ce, "Zauna, ɗana, ka ji labarina, in ya so ka wuce."

Ila ya ce, "Ina ji, Baba."

Baba Nomau ya ce:

Ni ma na riƙe wa wana igiya. Ka san in rijiya ta yi zurfi akwai wata muguwar iska da ke kwance a ƙasa, tana juya wa mutum kai. Rannan mun kai zurfin gaba ashirin, na leƙa na kira shi. Sai na ji ya ce, "Wane ne nan? Tafi ka ba ni wuri!" Ya haɗa da zagi. Ni kuwa da zafin kai na ce, au, ni da rana ke gasawa dominka? Na ɗaure igiyar a turke na koma inuwa, wai sai ya kira sunana tukuna. Na jira, bai kira ba. Da na huce na dawo na jawo shi, gawa na jawo. Ɗana, wanda ke ƙasan rijiya in ya ɗaga kai ba ya ganin fuska, duhun mutum kawai yake gani a bakin haske. Gane fuska aikin na sama ne. Shekara arba'in ke nan ina da na sani, ita kuwa ƙeya ce.

Gauraka ya ce, "Da Ila ya ji haka, sai ya sauke ƙunshinsa ya koma gida da gudu."

Sarki ya ce, "Sai ya fasa gorar, Tsalha ya tuna da shi?"

"Haka kowa ya so. Ya fasa ta kam, amma ba kome a ciki, mayya ta riga ta shanye. Aka rufe wasan Ila na wanke wa wansa ƙafa, shi kuwa yana ta yi masa godiya irin ta baƙo. Wasiƙun ƙorafi suka cika kwando, wai an cuci 'yan kallo. Ni dai na ce ba a taɓa yin wasan gaskiya kamarsa ba. Yanzu, ranka ya daɗe, ko sammu ne ko tsufa, Yaya Barmo yana ƙasan rijiya. Kai kuma don bai kira sunanka ba kana neman turken da za ka ɗaure igiya. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Sallau ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Ka yi gaskiya, gauraka. Ba lafiyarsa nake nema ba, kunyar da na ji a gaban mutane nake so a ɗauke mini daga gida. Allah ya yafe mini." Ya aika a ce wa mai mota an fasa.

Daga nan ya ɗauki aska da ruwan ɗumi ya shiga wurin Barmo, ya durƙusa ya ce ya zo yi masa gyaran fuska. Barmo ya miƙa haɓa. Da aka gama ya shafa fuskarsa ya ce, "Hannunka da sanyi, Malam. Ina da ƙane, Sallau, shi ma haka hannunsa yake. Ya daɗe bai leƙo ni ba, ko lafiya?"

Sallau ya ajiye askar ya ce, "Lafiya lau yake, Yaya. Ya ce in gaya maka daga yau kullum zai zo."