Takardun ƙosan Inna Lubabatu

Akwai wani matashi a Illela mai suna Maharazu. Ya koyo aikin rubuta manhajar kwamfuta a Kaduna, ana ganin ya kama hanya. Sai a 1986 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinsa, kuma shi kaɗai ne namiji a gidan. Dole ya dawo ya zauna shagon atamfar mahaifin nasa a bakin iyakar Nijar.

Kullum motoci na tsallakawa Ƙonni suna dawowa, shi yana nan kan benci. Garin kaf babu kwamfuta. Abin da ya fi cin ransa shi ne karatun da yake ji yana zurarewa daga kansa.

Abokin karatunsa Mukhtari yana Sakkwato, yana da kwamfuta, mujallun masu manhaja na zo masa duk wata. Maharazu ya je har can ya roƙi aron tsofaffin. Mukhtari ya yi dariya.

"Mi za ka yi da su? Ka auna yadi da su?"

Maharazu ya dawo Illela, ya koma benci.

Wata safiya ya sayi ƙosai wurin Inna Lubabatu. Yana warware takardar ya daskare. Shafin mujallar kwamfuta ne! Bayanin da Faransanci yake, amma layukan umarnin irin waɗanda ya koya ne.

"Inna, ina kika samo wagga takarda?"

"Ƙonni aka kawo min su dami-dami. Mi na na?"

"Don Allah, duk mai irin wanga rubutu ki aje min."

"Kai ɗan nan, mutane na cin ƙosai, kai kana cin takarda!" Ta yi masa tsiya, amma ta riƙa ajewa.

Sai dai Inna ba ta san farko ba, ba ta san ƙarshe ba. Rabin shafi ya zo hannunsa da maiƙo, ɗaya rabin ya riga ya tafi da ƙosan wani. Tun yana jin haushi har ya haƙura. Ya sayi littafi, ya riƙa ƙirƙiro rabin da ya ɓata da kansa, yana bin layi-layi da fensir kamar shi ne kwamfutar. Shekara biyu yana haka.

Sai wani kamfani a Sakkwato ya nemi mai manhaja ɗaya. Mahaifinsa ya ce ya je ya gwada. A can ya tarar da Mukhtari da tulin mujallu.

Ana fara jarrabawa wuta ta ɗauke. Mai gwajin ya miƙa musu takarda.

"Ga rabin manhaja. Ku ƙarasa da hannu."

Mukhtari ya saba kwafar cikakke daga mujalla ya danna. Ya yi ta jujjuya takardar, ya rasa ta inda zai fara. Maharazu kuwa har murmushi ya yi, maiƙo kawai takardar ta rasa.

Shi aka ɗauka. Ya dawo ya kwashi iyayensa zuwa Sakkwato, kusa da asibiti. Kafin su tashi ya je ya durƙusa gaban Inna.

"Wayyo! Da na sani da ban yage maka su ba," in ji ta.

"Inna, rabin da kika naɗe wa mutane ƙosai, shi ya koya min aikin."

Darasi: Kada ka raina ɗan abin da ke hannunka don bai cika ba, kuma kada ka yi wa wanda ƙaddara ta zaunar dariya. Ku tura wa duk wanda yake jin ƙofofi sun rufe masa.