Kurege a Ƙasar da Ba Ta da Baƙo

Ga wata nan tafe, ku gyara zama.

A bayan duwatsu akwai ƙasar ɓaunaye mai suna Garƙama, wadda ganuwar ƙaya ta kewaye. Garƙamawa mayaƙa ne, ko da yake tun da kakanninsu suka rufe ƙofa babu wanda ya ga ƙeyar abokin gaba. Dokokinsu biyu ne, kuma sanƙira kan shelanta su kowace safiya har na waje ya ji. Ta farko, baƙo bai taɓa shiga Garƙama ba, mai gadin da ya bari aka shiga a sare masa ƙaho. Ta biyu, gwargwadon tabonka gwargwadon tuwonka. Saboda haka maza kan wuni suna goga jiki a ƙaya. Mata kuwa, masu noma da daka, sai ƙanzo, domin majalisa ta yanke cewa kantar taɓarya ba tabo ba ce.

A shekarar da fari ya ƙone daji, yunwa ta koro Kurege Ɗan Firit har gindin ganuwar. Ya saurari shela, ya shaƙi ƙamshin tuwo. Sai ya liƙa busassun kuɓewa biyu a ka a matsayin ƙaho, ya haƙa rami, ya ɓullo gaban Dangwale mai gadi.

"Kai! Wane ne kai?" in ji Dangwale.

"Yallaɓai, zaɓi naka ne. In baƙo ne ni, yi ban kwana da ƙahonka. In ɗan gari ne, ina jiran gaisuwa."

Dangwale ya shafa ƙahonsa, ya dubi ramin, ya zauna a kansa daram.

"Sannu da zuwa... wato sannu da zama, ɗan'uwa."

Da gari ya waye aka kai shi gaban Sarki Kututture. Sarki ya sunkuya yana ƙifta ido.

"Wannan ɗan mitsitsin ma ɓauna ne?"

"Ranka ya daɗe, ni ne Ɗan Firit, ragowar yaƙi! A da na fi ka ƙirji. Zaki ya ci kafaɗa, kura ta ci cinya, mashi ya kwashe saura. Ku tabonku a kan fata yake. Ni duk inda kuka duba babu ni, tabo ne!"

Fadawa suka dubi tarin iskar da ke kewaye da shi, suka jinjina kai. Wa zai ce bai san yaƙi na rage mutum ba, a gane bai taɓa zuwa ba? Nan take aka jere masa akussa.

Wata tsohuwa mai suna Kandala, wadda ta kawo miya, ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa kurege ne." Aka hana ta ƙanzon ranar, don ta yi magana a fada ba ta da tabo.

Ɗan Firit ya ci har wuyansa ya ɓace. Amma da ya ji cewa rumbun ƙasa duka a hannun Sarkin Yaƙi yake, sai ya nemi sarautar.

"Ka cancanta," in ji Sarki. "Gobe za a naɗa ka da karon girma. Ni da kai, goshi da goshi, a bainar jama'a."

Kurege ya daki ƙirji ya ce, "Madalla! Goshin nan ya taɓa raba dutse gida biyu."

Da gari ya waye, kafin a taru, ya kwararar da tukwanen miyar karkashi a hanyar da Sarki zai biyo, ya yayyafa ƙasa a kai. Lissafinsa shi ne santsi ya kayar da Sarki, shi kuma ya haye kansa ya yi kirari.

Abin da bai sani ba, karon girma burga ce tsantsa. Akan sheƙo da gudu ana huci, sai a ja birki saura ƙiris, a ɗan dangwali goshi, maroƙa su rantse ƙasa ta girgiza. Tun da aka kafa Garƙama ba a taɓa buge kowa ba.

Aka kaɗa ganga. Sarki ya taso, ya zo inda ya saba tsayawa, ya kafe ƙafafu. Ina! Yauƙi ya kwashe shi suuu, yana kururuwa, "Kauce! Don Allah kauce!"

Ƙum! Kuɓewa ta yi gabas, Kurege ya yi sama, ya tsallake ganuwa, ya faɗa cikin sarƙaƙiya. Sarki ya ga ɗigon jini a hancinsa, ya sume. Mayaƙa suka yi ta ihun a kamo ɗan damfara, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba.

Ɗan Firit bai jira ba. Ya ranta a na kare da ƙafa uku, har ya ci karo da Bushiya a bakin rafi.

"Subhanallahi! Ɗan Firit, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Aika-aika? Rakiya ce, Baba Bushiya. Na ci tuwonsu na ƙoshi, sannan sarkinsu da kansa ya ɗauko ni da ka har bayan gari." Ya zare ƙaya daga gindinsa. "Ke dai gaya mini, wace ƙasa ce kuma nan gaba mai ganuwa?"

Ƙurunƙus, kan kurege da ƙululu.