Rijiyar Malam Haladu

Akwai wani tsohon malamin firamare a Dudunni, Malam Haladu, wanda ya shekara talatin yana auna zurfin ruwan rijiyar ƙofar gidansa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya saki igiya, ya ƙirga gaba nawa ne, ya rubuta a littafi. Mutane na yi masa dariya, bai taɓa fasawa ba.

Wata rana Dakta Sharafaddeen, wani malamin jami'a ɗan Kankia, ya zo aron littattafan.

Tsohon ya ce, "Ɗauka, yaro. Amma in ka rubuta, ka faɗi inda ka samo."

Kafin kaka Allah ya yi wa Malam Haladu rasuwa. Dakta kuwa ya wallafa maƙala a mujallar kimiyya, ya ce shi ya yi awon da hannunsa. Da ita yake neman zama farfesa. Wallahi rashin kunyar wasu sai dai kallo.

Ana nan sai wata mai suna Rauda, ma'aikaciyar wata cibiyar adana bayanan bincike, ta kira shi. Aikinta bin diddigin waɗanda suka yi amfani da bayanan da ke taskar cibiyarsu, don a ga ko sun ambaci masu su.

"Dakta, alƙalumanka iri ɗaya ne da na wani Haladu Dudunni da ke taskarmu, wanda yake turo mana duk mako."

Ya yi dariyar yaƙe. "Mutumin ya rasu bara, Hajiya."

Ta ce, "To wa ke turo mana sabon awo? Na Juma'ar da ta wuce ma ya shigo."

Washegari da rana tsaka ya isa Dudunni. Rijiyar a rufe take da kwanon rufi, an danne da dutse. Igiyar tana rataye a reshen itacen bedi, tana ɗigar ruwa.

Gajere, maƙwabcin marigayin, ya leƙo. "Mi kake nema, Dakta? Tun da aka kai Malam ba wanda ya buɗe rijiyar nan."

"To igiyar fa?"

"Mu ma mun bar tambaya."

Ya koma ofis, ya buɗe durowar da ya kulle littattafan. A shafin ƙarshe ga layuka sababbi, mako bayan mako, da rubutun tsohon. Tsoro ya kama shi.

A ranar ya rubuta wa mujallar gaskiya. Aka janye maƙalar, zancen farfesa ya bi ruwa, abokan aiki suka riƙa kauda kai in sun gan shi.

Bayan wata guda Rauda ta sake kira. "Mujallar ta sa sunan Malam a kan bayanansa. Tun makon da aka sa sunan, Dakta, babu awon da ya ƙara shigowa."

Darasi: Duk wanda ka ci moriyar guminsa, ambaci sunansa, ko yana raye ko yana kabari. Haƙƙi ba ya mutuwa don mai shi ya mutu. Ku tura wa ɗalibai da masu bincike da kuka sani.