Takardar Sarki da Ɗorawar Gonar Barmo

An ruwaito a cikin tsofaffin littattafai cewa an yi wani Sarki a birnin Zangon Dutse, sunansa Zailani. Mutum ne mai son tsari, kuma ba abin da ya dame shi a mulkinsa kamar shari'ar gona. Da ruwan fari ya sauka, sai fada ta cika da masu jayayya, wannan ya ce kakansa ne ya sari wurin, wancan ya ce nasa kakan ne. Da wasu fatake suka ba shi labarin wata ƙasa inda kowace gona take da takarda mai hatimin sarki, sai ya tara malamai marubuta, ya umarce su su bi ƙasarsa gona-gona su rubuta wa kowa tasa. Malaman suka fita a tsakiyar damina. Duk gonar da suka shiga, sai su tambayi sunan wanda suka tarar da fartanya a hannu, su rubuta, a kai fada a buga hatimi.

An ce a lokacin nan wani attajiri mai suna Madugu Barmo ba ya gari. Ya tafi fataucin goro Gwanja, yaƙi ya tare hanya, sai da ya shekara shida kafin ya sake ganin gida. Kafin tafiyarsa ya ba ɗan kawunsa, Jatau, aron gonar da ya gada wurin mahaifinsa. Da yake taubasai ne, ba a tara jama'a ba. Dattawa biyu kawai suka ji maganar, kuma duk sun rasu a bayansa.

Da Barmo ya huta gajiya, sai ya yi sammako zuwa gonar. Ya tarar da Jatau yana watsa taki.

Jatau ya yi dariya, ya ce, "Ashe bawana bai ɓata ba. Ina tsarabar ubangidanka?"

Barmo ya ce, "Goro na kawo maka, in akwai sauran haƙori a bakinka." Suka gaisa, suka tambayi iyali. Sannan Barmo ya ce, "Ƙafata ta gaji da hanya, Jatau. Bana zan karɓi gonata in zauna."

Jatau ya tafi gindin wata bishiya inda ya rataye gafakarsa, ya zaro takarda ya miƙa. Barmo ya karanta ta sau biyu. Iyakokin duk na gonar mahaifinsa ne, daga rafi zuwa jerin gamba, amma sunan na Jatau ne, ga hatimin Sarki a ƙasa.

Jatau ya ce, "Ni ban ce a rubuta ba. An tambaye ni wa yake noma, na ce ni ne. Ƙarya na yi? Shekara shida ina zuba mata taki, ga 'ya'ya tara a gida."

Barmo ya kai ƙara fada. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, aro na bayar, ban sayar ba, ban kuma yi kyauta ba." Aka nemi shaidu, ya ce suna kabari. Jatau ya ajiye takardarsa a gaban Sarki.

Sarki ya daɗe yana duban hatiminsa. Can ya juya ga Wazirinsa, Mamuda, ya ce, "Waziri, in na soke wannan takarda ba da hujja ba, gobe duk takardun ƙasar nan sun zama wofi. In kuma na bar ta, wataƙila da hannuna na raba mutum da gadonsa. Na ba ka kwana uku. Ka nemo mini shaidar ƙasa wadda ta girmi takarda, wadda kuma ba ta mutuwa da mutuwar dattawa. In babu, takarda ta tsaya."

Kwana biyu Waziri yana zagaya malamai, ba wanda ya ba shi amsar da ta gamsar da shi. Barmo kuwa ya soma cire rai. Shi mutum ne wanda ya san hanyoyi goma na shiga Gwanja, amma bai san ta inda zai shiga gonar ubansa ba. A rana ta biyu da hantsi ya tafi gidan yayarsa Tabawa, wadda sana'arta daddawa ce, ya tarar da ita tana juya kalwa a tukunya. Ya zauna a kan turmi ya gaya mata abin da ake ciki.

Tabawa ba ta daina juyi ba, ta ce, "Kai dai goro ka sani. Wannan kalwar da kake gani, daga ina kake tsammani ta fito?"

Ya ce, "Yaya, ni maganar gona nake yi miki."

Ta ce, "Ni ma ita nake yi maka. Tashi ka kai ni wurin Waziri."

Da Waziri ya ji bayaninta, ya ce ba shi zai faɗa ba, ita za ta faɗa da bakinta. Washegari aka shigar da ita fada, ta durƙusa nesa, ta ce:

"Allah ya ja zamanin Sarki, ni ban yi karatu ba, amma kakata ta ba ni wani labari. Ta ce tun ƙasar nan tana daji, wani mutum mai suna Kwasau ya zo da gatarinsa ya sari wuri. A lokacin gatari shi ne hujja, wanda ya sara shi ke da ƙasa. Ya kayar da itatuwa duka, amma ya bar ɗorawa a tsaye saboda amfaninta. Wata shekara yunwa ta koro wani baƙo da iyalinsa, ya roƙi wurin noma. Kwasau ya yanka masa rabin gonarsa aro. Matar Kwasau ta ce, 'Malam, yau kowa ya san aro ne. In mun mutu, jikokinsa suka buɗe ido suka ga ubansu a ciki, wa zai gaya musu?' Kwasau ya kira baƙon a gaban mutane, ya ce, 'Abin da ka shuka naka ne, ko zangarniya ɗaya ba na so. Abin da ka tarar a tsaye nawa ne. Ba za ka dasa itace ba, ba za ka taɓa 'ya'yan ɗorawa ba. Kowace bazara matan gidana za su shigo da rana tsaka su kaɗe ta, kowa yana gani.' Tun daga nan abin ya zama al'ada. Mai aro yana da hatsi, mai ƙasa yana da itace. Shi ya sa mu mata ba mu taɓa ruɗewa a kan gonar wane ce ba, don mun san wadda take shiga da gorar kaɗe ɗorawa."

Sarki ya ce, "Akwai ɗorawa a gonar nan?"

Ta ce, "Guda uku, ranka ya daɗe. Ni nake kaɗe su tun rasuwar mahaifinmu, har bazarar da ta wuce."

Waziri ya dubi Jatau, ya ce, "Malam Jatau, daddawar da ake sa wa a miyar gidanka, ina ake samunta?"

Jatau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Saye muke yi."

"Wurin wa?"

"Wurin Yaya Tabawa."

Fadawa suka yi 'yar dariya, Sarki ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Shekara uku takarda tana hannunka. Me ya hana ka kaɗe ɗorawar gonarka?"

Jatau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na taɓa ɗaukar gora na je gindinta. Sai na ji kamar za a kama ni ina sata. Na mayar da gorar gida."

Barmo ya dubi taubashinsa, sai ya ji fushin da ya kwana uku da shi ya ragu. Ya gane cewa mutumin nan, duk da takarda a gafakarsa, kowace bazara yana tsayawa gefe ya bar Tabawa ta wuce.

Sarki ya ce, "Laifin ba na hatimi ba ne. Mun aiki malamai da damina, suka ga mai fartanya, ba su ga mai gora ba." Ya yi umarni a sake rubutun ƙasar duka, amma da bazara, kuma kada a rubuta gona sai maƙwabtanta na kusurwa huɗu suna tsaye. A kowace takarda a faɗi yadda ƙasar ta zo hannun mai ita, ko sara ne, ko gado, ko saye, ko kyauta, sannan in akwai mai aro a sa sunansa a ƙasa da sharaɗinsa. Ya sa aka ba Tabawa tufafi da saniya, ya kuma ce ita da tsofaffin matan kowane gari su riƙa tafiya gaban malaman, kada alƙalami ya taɓa takarda sai sun yi magana.

Gonar Barmo ce aka fara rubutawa. Da malamin ya zo wurin sunan mai aro, sai ya ɗaga kai yana jira. Barmo ya ce, "Rubuta Jatau, daga rafi zuwa tsakiya, muddin ransa. Takinsa yana cikin ƙasar nan, ba zan iya tone shi in mayar masa ba."

Masu ruwayar wannan hikaya sun ce daga nan ne mutanen Zangon Dutse suka fahimci matsayin takardar mallaka. Ba ita take ba mutum ƙasa ba. Aikinta ta riƙe abin da maƙwabta suka riga suka sani, don ya kai ga jikokin da ba su ga ranar da aka yi maganar ba. Saboda haka wanda aka ba alƙalami ya fara tambayar mutanen wurin kafin ya rubuta. Allah shi ne mafi sani.