Tasi'u da Ɗakin Wayoyi

An yi wani bawan Allah a wani gari. Ba zan faɗi sunan garin ba, don kada ku ce da mutanen can nake. Da ku nake. Masu hira a baya ku yi shiru, ku saurara.

Sunansa Tasi'u. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, sai kawunsa Magaji, mai sana'ar katako, ya ɗauki nauyin karatunsa daga firamare har jami'a. Yaron ya karanci kimiyyar kwamfuta, ya iya rubuta manhaja, wato umarnin nan da ake tsara wa waya da kwamfuta su bi. Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida ya zauna. Kun san irin zaman nan. Ka fita da safe da takardu a hannu, ka dawo da la'asar babu labari. Har mahaifiyarsa, Inna Dije, ta daina tambayarsa yaya aka yi. Sai dai ta tura masa kwanon abinci, ta kau da kai.

Ana nan sai ga Kawu Magaji ya shigo gida da fara'a. Ya ce, "Tasi'u, wanke rigarka. Na yi wa wani magana, mai kamfani ne, irin aikinka suke nema."

Tasi'u ya je. Mai kamfanin sunansa Faruƙu, matashi ne mai ƙamshin turare, carbi a hannu, ba ya gama magana sai ya sa "in sha Allah". Ya ba Tasi'u aikin gwaji, yaro ya warware shi a zaune. Faruƙu ya yi dariya ya ce, "Kai muke nema. Ga albashi, ga kwamfuta sabuwa, ga babur na zuwa aiki." Jama'a, murna ta cika Tasi'u. A ransa ya riga ya gyara wa Inna rufin ɗakinta da ke yoyo.

Sai Faruƙu ya ce, "Taso ka ga aikin."

Ya buɗe wani ɗaki. Kantoci ne daga ƙasa har sama, cike da wayoyi jere-jere, kowace da igiyar caji. Ga wasu samari a zaune suna ta latse-latse. Kowace waya tana ɗauke da sunaye da hotunan mutanen da Allah bai taɓa halitta ba.

Faruƙu ya ce, "Waɗannan da hannu suke yi, suna ɓata mana lokaci. So nake ka rubuta min manhajar da za ta sa mutum ɗaya ya yi magana da bakin mutum dubu. Ya rubuta sau ɗaya, ta bazu a shafukan sada zumunta da sunaye daban-daban, kamar gari ne ya tashi."

Tasi'u ya leƙa wayar da ke kusa da shi. Hoton wata mata ya gani, dattijuwa, da farar rigar asibiti. A ƙasa an rubuta cewa tana satar maganin marasa lafiya tana sayarwa. A wata wayar an rubuta abin da ya fi haka muni, abin da ba zan maimaita a wannan wuri ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wace ce wannan?"

"Rakiya. Jami'ar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti. Ta miƙe a taron unguwa ta ce ruwan da wata masana'anta ke zubarwa yana shiga rijiyoyi, yara suna ciwo. Mai masana'antar ya kawo mana aikinta."

"Ta saci maganin?"

Faruƙu ya ja carbinsa ya ce, "Mu ba alƙalai ba ne, Tasi'u. Aiki aka kawo mana."

Kun ji? Aiki aka kawo mana! Mutuncin baiwar Allah, uwar 'ya'ya, an ɗora shi a kan tebur kamar kayan gwanjo, kuma mai yin haka da carbi a hannunsa.

To kada ku ɗauka Tasi'u mala'ika ne. A nan take cewa ya yi a ba shi lokaci. A hanya zuciyarsa ta yi ta kawo masa hujjoji, kuma hujjojin masu daɗin ji ne. Ta ce masa, ai kai manhaja kawai za ka rubuta, ba kai za ka rubuta ƙazafin ba. Ta ce, in ka ƙi, gobe wani zai karɓa. Ta ce, ka shiga na ɗan lokaci, in ka samu ƙwarewa ka fita. Ta ce, da wane ido za ka kalli Kawu? Yaron nan ya kasa cin abinci. Amma duk inda ya juya, abu ɗaya ya ƙi barinsa: an nuna masa fuskar matar, an gaya masa abin da za a yi da aikin hannunsa. Ba zai iya cewa bai sani ba.

Ya koma ya ce wa Faruƙu, "Na gode, amma ba zan iya ba."

Faruƙu bai ma ɗaga murya ba. Ya ce, "Allah Ya ba da sa'a. Ka ja ƙofar."

Gida ne aka yi tashin hankali. Kawu Magaji ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba.

"Tasi'u! Ni za ka kunyata? Ka ga hannuna? Katako ya cinye shi don ka yi karatu! Na je na durƙusa wa yaron da na girma, ya karɓe ka, ka watsa min ƙasa a ido?"

Tasi'u ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Kawu, ka yi haƙuri. Ba ni da abin da zan saka maka da shi. Amma ƙazafi suke sayarwa."

"Kai aka ce ka yi ƙazafin? Danna kwamfuta aka ce ka yi! Duk ma'aikatan ƙasar nan sai sun binciki aikinsu kafin su karɓi albashi? Kai kaɗai ne mai tsoron Allah?"

Inna Dije tana bakin murhu, hawaye na zuba. Ta ce, "Ni ban gane aikin nan naku ba. Amma ka ce mace ce? Tana da 'ya'ya?"

"Tana da su, Inna."

Ta share fuska da gefen zane ta ce, "Yaya, bar shi. Gara rufin ya ci gaba da zuba."

Kawu ya fita ya buga ƙofa. Ya daina amsa gaisuwar Tasi'u.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci. Unguwa ta ji labari. Kuna tsammani an yaba masa? In ya zo wucewa ta majalisa sai a ce, "Ga ustazu nan, wanda ya fi ƙarfin aiki." Dattawa masu furfura, 'yan sahun gaba, suka ce yaron ba shi da wayo, karatu ya taɓa masa kai. Babu mutum ɗaya da ya tambaye shi wane irin aiki ne ya ƙi. Albashin kawai suka ji.

Tasi'u ya bar su da maganarsu. Abin da ya yi, ya nemi asibitin ya je. Ya tarar da Rakiya a ofishinta tana zuba kayanta a kwali. Idonta ya kumbura.

Ta ce, "Yaro, in magani kake so ka ga wani. Ni na bar aiki. Garin nan duka sun ce ni ɓarauniya ce. Matan da na karɓi haihuwarsu da hannuna, yau ba sa iya kallona. 'Yata ta ƙi zuwa makaranta."

Ya ce, "Hajiya, ba garin ba ne. Na ga masu zagin naki da idona. Wayoyi ne a kan kanta, a ɗaki ɗaya. In kina so a kai maganar gaban hukuma, zan tsaya in faɗi abin da na gani."

Ta zauna a hankali. Sannan ta fashe da kuka irin na wanda aka sauke wa kaya. Da ta natsu, ta fara fitar da kayanta daga kwalin ɗaya bayan ɗaya.

Kada ku jira in ce muku kamfanin ya ƙone. Bai ƙone ba. Tasi'u ya ba da shaida, magana ta shiga hannun hukuma ta kwanta, Faruƙu ya samu wani yaron ya rubuta masa manhajarsa. Shi kuwa Tasi'u sai daga baya ya samu ɗan aiki a wata ƙungiyar manoma, albashin ko kusa bai kai na can ba. Kawunsa ya daɗe kafin ya sauko. Rakiya dai ta ci gaba da aikinta, kuma ba ta daina maganar rijiyoyin ba.

Darasin a fili yake. Ba kowane aiki ne ake karɓa ba, kuma wanda ya san abin da za a yi da aikin hannunsa yana da kaso a ciki, ko bai taɓa ganin wanda aka cuta ba. Iyaye, yaushe rabonku da ku tambayi ɗanku me yake yi a wurin aiki? Nawa ake biyansa kawai kuke tambaya, ku sa albarka, ku ci.

Sannan ku da kuke girgiza kai kuna tsine wa Faruƙu, ku dakata. Wayoyin kantarsa sun fara ƙazafin, amma ba su ne suka kai shi kunnen 'yar Rakiya ba. Mutane ne masu alwala suka gani, ba su bincika ba, suka tura wa dangi da abokai. Faruƙu ana biyansa. Ku kyauta kuke yi masa. Kowa ya sa hannu a aljihu ya taɓa wayarsa, ya tuna abin da ya tura a makon nan, da sunan wanda ke ciki. Allah Ya shirye mu baki ɗaya.